Tambaya ta Bakwai

Tun zamanin annabawa masu ilimi suke fama su san abin da ke cikin zuciyar yaro ƙarami, har Allah ya kawo mu lokacin da aka gama aikin a takarda guda, gaba da baya, da gurbin “i” da gurbin “a’a”.

Ni ne tafintan takardar, tsohon mushe, wato malamin makarantar boko. Bayan na aje alli a lakwal, majo, babban ma’aikacin ɗan asibitin ƙauyenmu a kan hanyar Malbaza, ya roƙe ni in riƙa mayar da tambayoyin daga Faransanci ranar awon yara. Ko wane ne ya rubuta su, bai taɓa shan hura a gidan Bahaushe ba. Wai yaro yana kallon babba cikin ido? A nan wanda ya yi haka shi ke neman magani.

Wata rana wata matashiya ta kawo ɗanta mai shekara uku, uwar mijinta na biye da ita. Na karanta tambaya ta bakwai: in kin kira sunansa, yana waiwayowa?

Ta sunkuyar da kai.

Tsohuwar ta ce, “Haba mushe, kai da hurhurarka? Ɗan hwari na. Wace marar kunya ka kiran sunan ɗanta na hwari?”

Na ce, “To, tana wasa da shi?”

“Ni ka riƙon shi. Ita mi ta sani?”

Kafin takardar ta ƙare majo ya cika “a’a” huɗu, ya ce doka ta ce a tura yaron asibitin Tawa a duba kansa. Sai uwar ta buɗe baki, murya ƙasa-ƙasa, ta ce in gari ya ji an kai shi don kai, har ya tsufa mahaukaci za a ce da shi.

Na ja majo gefe, na yi masa darasi a kan kunya, da Faransancin da ya fi na takardar kyau. Ga layi har bakin ƙofa. Ya gaji, ya miƙo mini biro. Na mayar da huɗun nan “i”. Tsohuwa ta yi ta sa mini albarka.

Da aka sa yaron lakwal, malamin ajinsu, tsohon ɗalibina, shi ya gaya mini. Ashe kunnen yaron ɗaya ne ke ji, shi ma kaɗan.