Kada Ka Tashi Sai Na Zo

Ranar kasuwa ce, ƙarshen kaka. Na tashi tun assalatu na hura wuta, na ɗora kaskon gyaɗa. Sana'ata ke nan, mai da ƙuli-ƙuli, a wani ɗan ƙauye tsakanin Gangara da Tarka. Ba zan faɗi sunansa ba, ba abin da ya saura a wurin sai toka da rijiya. Kafin rana ta fito maza suka ɗaura amalanke suka tafi cin kasuwa. Aka bar mata da yara da tsofaffi, sai ƙanen marigayi mijina, Malam Habu, da ya tsaya jiran saniyarsa ta haihu.

Sai kuma ɗana na fari. Sunansa Lawali. Kun san yadda muke, uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Shekararsa ashirin da biyu, sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba, Babba nake ce masa. Na miƙa masa kunu, ya sha rabi ya ajiye. Ya ɗauki damin kabarsa da igiyarsa zai fita. Na bi shi da faɗa, don ni faɗa ba ya yi mini wuya.

"Kai Babba, kajin gidan nan ma sun fi ka ci! Ragowar wa ka bar wa?"

"Ke na bar wa, Inna, ki samu ƙarfin faɗa," in ji shi.

Ya yi dariya ya nufi gindin aduwa, can gabas da gari, bayan rumbuna. Dariyar nan wata takwas na yi ina nemanta kafin in same ta.

Bari in koma baya kaɗan, in ba haka ba ba za ku gane abin da na yi ba.

Babba ya tafi arewa haƙar zinariya shi da abokinsa. Shekara guda ya dawo shi kaɗai, ba zinariya, ba magana. Daga baya muka ji 'yan fashi ne a kan babura suka far wa wurin da suke aiki, suka harbe abokin a gabansa. Shi gudu ne ya cece shi. To gudun nan shi ya biyo shi gida. Da ya ji ƙarar babur, ko daga nesa ne, sai ya yar da abin da ke hannunsa ya yanki daji. Ba ya ganin ƙaya, ba ya jin kira. Sau ɗaya sai da aka yi kwana biyu ana nemansa. Wani makiyayi ya tsince shi kwance a gindin kalgo, leɓunansa sun tsage da ƙishirwa, tafin ƙafarsa duk jini.

Aka ce aljanu ne. Muka yi rubutu, muka yi hayaƙi, ba abin da ya sauya. Malam Habu ya zo da mari na ƙarfe, ya ce a ɗaure shi a turke don kada wata rana daji ya cinye shi. Na ce wallahi ba a gidana ba, ɗan mutum ne ba jaki ba. Muka yi sati ba ma gaisawa.

Na kai shi likitar Gangara. Majo, wato babban mai duba marasa lafiya a wurin, ya zauna da shi har kusan awa guda. Da ya fito ya ce mini firgita ce ta zauna masa a jiki, kuma tana fita, amma a hankali. Ya ce kada a ɗaure shi, kada a yi masa dariya, a ba hannunsa aiki, a koya masa jan numfashi in tsoron ya taso. Abin da ya faɗa ke nan, Allah Ya saka masa. Sauran duk ni na ƙirƙira da kaina.

Na ajiye alkunya gefe guda. Mata suna ta gulma, wai Tsahara ta zauna tabarma ɗaya da ɗan fari. Na ce su yi, bakinsu ne. Na sa shi tufkar igiyar kaba a gindin aduwa, na kafa masa doka. In ka ji babur, ka zauna. Ka jingina bayanka da itacen. Ka rufe ido, ka damƙe igiya. Ka ja numfashi ka sake shi a hankali, kamar mai hura garwashi. Ka ce, ba ni suke nema ba. In ƙarar ta ɗauke, ka yi ƙulli ɗaya a igiyar. Kuma kada ka tashi sai na zo.

Da farko ba ta yiwu ba. Na riƙe wuyan hannunsa, ya ja ni a ƙasa har zanena ya yage, gwiwata ta ɗaye. Na tashi na kakkaɓe na ce gobe ma haka. Malam Habu da kansa ya sauko. Shi kaɗai ke da babur a garin, sai ya riƙa wuce mana da gangan, yau daga nesa, jibi ya matso kaɗan. Ranar da Babba ya yi ƙullin farko, gumi ya jiƙa rigarsa sharkaf, amma bai tashi ba. Na shiga ɗaki na yi kuka na fito na ce hayaƙi ne ya shiga mini ido.

Duk yamma mukan ƙirga ƙullin tare. Jajibirin ranar nan mun ƙirga sittin da uku. Ya ce in ya kai ɗari zai je kasuwa da ƙafarsa ya sayar da igiyoyinsa.

To ranar kasuwar nan, da hantsi na sauke gyaɗa na tafi rijiya, yamma da gari. 'Yata Rabi tana jan guga, don haka jaririyarta, 'yar wata biyar, tana goye a bayana. Rabi ta duba wayarta ta ce tara da minti ashirin, mu yi sauri. Ba ta rufe baki ba muka ji shi. Ƙarar babur daga gabas. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Ƙasa har rawa take. Na ce a raina, yau Babba zai sha aiki. Wallahi abin da na fara tunani ke nan.

Sai ƙarar ta ɗauke gaba ɗaya. Shiru kamar na tsawon Fatiha biyu. Kaza ma ba ta yi kuka ba.

Sannan bindiga ta fara. Tas, tas, sai kuma a jere ba tsayawa. Shanu suka ɗauki kuka. Wata murya ta tashi daga tsakiyar gari: "Ku kwanta! Ku fito da dabbobi!" Hayaƙi baƙi ya tashi ta wajen rumbuna. Mata suka fito daga lunguna a guje, wasu ba ɗankwali, wata da muciya a hannu ba ta san tana riƙe da ita ba. Guga ya suɓuce wa Rabi, na ji faɗuwarsa a cikin ruwa.

Kowa ya yi yamma. Ni na yi gabas. Na kai bakin masallaci, sai ga Malam Habu, jini yana zuba daga kunnensa. Ya damƙe ni.

"Ina za ki? Koma!"

"Yana gindin aduwa!"

"Akwai goyo a bayanki, Tsahara! Koma!"

Na fizge, ya sake kama ni. Harsashi ya bugi bangon masallaci, ƙasa ta watso mana a fuska. Jaririya ta tsala ihu. A nan na buɗe bakina na kira sunan da ban taɓa kira ba.

"Lawali! Lawali, gudu! Tashi ka gudu!"

Sau uku na kira. Tsakanina da aduwar akwai gari guda da wuta da bindiga. Ni kaina da ƙyar na ji muryata. Malam Habu ya ja ni, ƙafafuna suka bi shi. Ba zan ce ɗauka ta ya yi ba. Da ƙafata na tafi.

Muka faɗa busasshiyar korama, muka bi cikinta a duƙe. Ƙarangiya ta cika mana zane, ba mai tsayawa cirewa. Wajen sha ɗaya muka kwanta a cikin sabara, mu kusan talatin. Rabi ta karɓi 'yarta ta cusa mata nono don kada ta yi kuka. Babura biyu suka wuce ta saman gaɓa, muna ganin ƙafafun masu su. Ba wanda ya motsa. Na ji bakina yana faɗin, ba ni suke nema ba, ba ni suke nema ba. Na ciji hannuna na yi shiru.

Da azahar harbi ya tsaya. Muka ji kukan shanu yana nisa, yana yin arewa. Muka tashi muka kama hanyar Gangara. Ba ruwa, ba takalmi. Tsofaffi biyu aka riƙa goyo ana karɓa-karɓa.

Duk tafiyar nan addu'a ɗaya nake yi, kuma ban taɓa jin uwar da ta yi irinta ba. Na ce ya Allah, Ka sa wahalata ta wata takwas ta tashi a banza. Ka sa ciwonsa ya dawo masa sabo fil. Ka sa ya manta da ni da dokata. Don in yaron nan ya zabura, babu mai kama shi a ƙasarmu ta Damargu kaf, ko da babur. Na yarda in yi kwana goma ina nemansa a daji. Na yarda a sa masa marin.

Mun shiga Gangara rana ta yi ja. Aka sauke mu a farfajiyar lakwal, wato makarantar boko, aka kawo ruwa da fura. Mazanmu suka iso daga kasuwa, kowa yana kiran sunan nasa. Ni na tsaya a bakin ƙofa. Duk wanda ya shigo sai in tare shi: ka ga Babba? Ka ga wani yana gudu ta gabas? Wani ya ce ya hango mutum yana gudu. Na riƙe maganar nan har gari ya waye.

Washegari da ƙarfe takwas jandarmomi, jami'an tsaro, suka ce za su je ƙauyenmu da maza kawai. Na hau bayan motarsu na zauna. Wani jandarma ya ce in sauka. Na ce sai dai ya sauke ni da hannunsa. Ya dube ni, ya ƙyale ni.

Rumbuna sun zama tudun toka, har lokacin gero yana ci a ciki, warinsa ya cika gari. Ban tsaya gidana ba. Na bi ta bayan rumbunan. Tun daga nesa na hango shi. Yana zaune. Bayansa a jingine da aduwa, ƙafafunsa a miƙe, idonsa a rufe, igiya a hannu biyu. Har na buɗe baki zan ce tashi, ga ni na zo. Sai na ga rigarsa.

Akwai wata tsohuwa, Dije, da ba ta iya gudu, ta ɓuya a ramin da muke ɗibar ƙasar shafe, kusa da wurin. A nan jandarmomi suka same ta da rai. Ita ta faɗa mini. Ta ce baburan ta gabansa suka wuce, bai motsa ba. Da suka kashe injin baburan, ta ga hannunsa yana aiki a kan igiya. Can mutum biyu suka dawo da bindiga, suna neman wanda zai kora musu shanu. Ɗaya ya ce, "Kai, tashi!" Bai tashi ba. Ya sake cewa, "Tashi, don ubanka!" Ta ce leɓunansa kawai ke motsi. Na ukun ba da baki suka faɗa ba.

Mutum bakwai muka binne ran nan kafin azahar. Malam Habu ne ya yi masa wanka. Da ya fito ya miƙa mini igiyar, ya ce sai da suka buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Yaya Tsahara, kwanansa ne ya ƙare. Da na sa masa mari ma nan za su same shi." Majo ma da ya zo gaisuwa ya ce ba ni na riƙe bindiga ba, kuma yaron ya yi wata takwas yana samun sauƙi a hannuna. Na san gaskiya suke faɗa. Na ce musu na gode.

Yanzu muna Tanut, a gidan 'yar'uwata. Ba mu koma ba. Na rasa ɗaki biyu, da rumbu, da awaki tara, da kaskon da na gada wajen uwata. Waɗannan in an tambaye ni ina faɗa ba tare da muryata ta yi rawa ba. A nan kabu-kabu ba sa ɗaukewa, tun safe har magariba suna wucewa ta ƙofar gida. In ɗaya ya wuce, wani lokaci sai in tsinci kaina a bayan randa ban san sa'ad da na je ba. Rabi takan zo ta zauna kusa da ni ta riƙe wuyan hannuna. Takan ce, "Inna, ja numfashi. A hankali." Ina ja. Yana taimako, ba zan yi ƙarya ba. Ta ce in samu igiya in fara nawa ƙullin. Na ce ba yanzu ba.

Igiyarsa tana cikin kwallata. Da yamma nakan ɗauko in ƙirga. Sittin da uku duk na san su, na san ranar kowanne, don ina zuwa in tarar ya yi, in ce madalla, tashi mu je gida. Akwai na sittin da huɗu. Ya fi sauran tsauri, ya ja shi da ƙarfi har kabar ta fashe.

Lawali ya riƙe tasa dokar har ƙarshe. Ni ce ban zo ba.