Babin da Na Tsallake

A shekarata ta biyu ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare tsakanin Faskari da Sabuwa na tsallake babi guda, da gangan. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma kaina na fi jin haushi.

Babin yana maganar duwatsu masu aman wuta ne, irin Kilimanjaro na gabashin Afirka, waɗanda saboda tsabar tsayinsu ƙanƙara ta daskare a ƙolinsu shekara da shekaru, tana narkewa kaɗan-kaɗan tana shayar da rafukan ƙasa. Na ɗan taɓo shi ranar wata Alhamis, na ce mako mai zuwa za mu shiga ciki sosai. Yara kuwa bakinsu ba ya riƙe magana. Kafin la'asar labari ya zaga gari.

Muna fitowa daga masallaci wani dattijo mai rumfar hatsi ya kira ni. Mutum ne da ake jin maganarsa, kuma ɗansa yana ajina. Ya ce, "Malam, mi nike ji? Wai dutse da wuta cikinshi, ƙanƙara bisa kanshi? Ni na ga duwatsun Makka da idona, ko tafin hannu ba ka iya azawa don zafi. Wanda ya hau sama ai rana ya kusata. Ku bar cika ma yara kai da tatsuniyar Turawa."

Aka kwashe da dariya. Amsa tana bakina, wallahi, jimla guda ce: iya hawanka sama, iya ƙaruwar sanyi. Amma wa ya isa ya gyara wa dattijo zance a ƙofar masallaci, ga sa'o'insa tsaye? Ba haka aka rene mu ba. Na russuna na ce, "An ji, Alhaji." Wai ni mai ladabi.

Ɗan nan nasa shi ya fi kowa ƙoƙari a ajin. Burinsa ya yi karatun awon filaye, kuma ba a ɗaukar mutum sai ya ci labarin ƙasa. Uban ya riga ya gindaya masa sharaɗi: zama ɗaya zai yi wa jarrabawar fita. In ya ci, ya wuce. In ya faɗi, ga rumfa nan tana jiransa. Ni ma na san da sharaɗin, yaron da kansa ya gaya mini.

Ranar Litinin na buɗe littafi, na ɗaga kai na gan shi a layin gaba riƙe da biro yana jira. Sai na ga in na koyar da babin nan na ƙaryata ubansa ke nan a gaban abokansa, bayan na amsa wa uban a gaban jama'a. Na lashi yatsa na juya shafi zuwa babin koguna. Na ce wa kaina zango mai zuwa, in ƙura ta lafa. Zangon ya zo da 'yan bindiga, aka rufe makaranta makonni. Da muka dawo sai gudu-gudu, ban waiwayi babin ba. In faɗi gaskiya, daɗi ma na ji da na samu uzuri.

Tambaya a kan babin ta fito a jarrabawa. Yaron ya amsa biyu, saura ɗaya, ragowar duk daga wuraren da ba mu kai ba ne, sai ya ɗauki ta dutsen. Da ya fito na tambaye shi abin da ya rubuta. Ya ce ya bayyana musu cewa ƙolin dutse ya fi ko'ina zafi, tunda ya fi kusa da rana. Yana faɗa yana murmushi, yana jiran in yaba. Na ce Allah ya ba da sa'a.

Bai ci ba. Na je har rumfa na roƙi uban ya bar shi ya sake zama. Ko kallona bai yi ba, yana kulle bakin buhu ya ce shi magana ɗaya yake yi.

Bara na je kasuwar Sabuwa sayen masara na tarar da yaron, ya zama magidanci, ƙurar hatsi har a gira. Ya sauko daga kan buhuna ya durƙusa ya gaishe ni, abin da ya fi zagi yi mini ciwo. Sannan ya ciro waya ya nuna mini hoton dutsen, ƙoli fari fat, ƙasa kore shar. Ya ce ya ji an ce ma ƙanƙarar tana ƙarewa.

"Malam, tun lokacin ka san gaskiya ne?"

Na ce na sani. Na fara kame-kame, ina kawo maganar masallaci da girman mahaifinsa. Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba.

Ya ce, "Ai da ka kira ni gefe ka faɗa mini ni kaɗai, Malam. Ba mai ji."

Duk tsawon shekarun nan wannan bai taɓa zuwa mini a rai ba. Ina tsaye aka kira shi ya ɗora wa wani buhu a mota, ya ce in yi haƙuri, ya tafi.