Satifiket a Cikin Leda

Shekara ashirin da biyu Sista ta yi tana karɓar haihuwa a asibitin garinsu. Makaranta ta yi, ta ci jarrabawa, aka ba ta satifiket mai jan hatimi. Yau in kuna nemanta, sai ku gangara ƙasan wani ƙaton asibiti a ƙasar da ta koma, ɗakin wanki, inda ko taga babu. Nan za ku same ta tana ninke zannuwan gado. Masu karɓar haihuwa suna hawa na huɗu. Zannuwansu ne suke gangaro mata cikin buhu.

Mijinta ne ya fara tafiya, ya samu aikin tuƙa motar kai kaya. Kullum a waya maganarsa ɗaya: "Maman yara, ki taho. Nan irinku ake nema ido rufe." Ba ƙarya ya yi ba, nemansu ake. Abin da bai gaya mata ba, don shi ma bai sani ba, shi ne a can ba a tambayar me ka iya. Takarda ake tambaya, ita ma sai ta yi musu yadda suke so.

Ita kuwa Sista mace ce mai tattali. Tun shekarar da gara ta cinye wa ƙanenta takardun makaranta, ta ɗauki nata satifiket ta kai shagon masu kwafi, aka sa shi a inji aka liƙe shi da leda ciki da bai. Duk mai hankali a gida haka yake yi. Wa zai ce wannan laifi ne?

Ranar da ta je ofishin tantance takardu, ta ɗauki lambar layi, ta zauna a kujerar roba tun safe har ƙafarta ta yi tsami. Ma'aikaciyar, wata siririya mai gilashi, ta juya satifiket ɗin gaba da baya, ta ɗan sa farce a gefensa, sannan ta turo shi. Wai sai sun taɓa hatimin da yatsa, sun haska takardar da fitilarsu. Abin da aka rufe da leda ba sa karɓa. Ta ba ta kwana casa'in: ko ta kawo wanda za a iya taɓawa, ko makarantar ta aiko da wasiƙa da kanta. In wa'adin ya wuce, a rufe fayil, ta koma aji ta sake karatun shekara uku. Mace mai shekara hamsin da ɗaya, da gwiwar da take ƙara in za ta tashi!

Ta kira ƙanenta ta ce ya je makarantar. Ashe an haɗe ta da wata tuntuni, an kwashe fayiloli an jibge a wani ɗaki. Sau biyar yana zuwa. Yau mai makulli ya yi tafiya, gobe mai sa hannu yana taro. A zuwa na shida aka buɗe ɗakin, aka tarar rufin yana yoyo daidai kan durowar 'yan shekararsu. "Yaya, wallahi takardun sun zama kamar dusa," in ji shi.

A ɗakin wanki akwai wata 'yar ƙasarsu da ake kira Doguwa, malamar firamare ce a da. Ita ta kawo shawarar.

"Ke ƙawata, da injin guga a gabanki kike kukan leda? Zafi ne ya liƙe ta, zafi zai ɓamɓare ta."

"Kin taɓa gani an yi?"

"Na ji an yi."

"Wa ya yi?"

"Wani."

"Wani ɗin nan dai da ya ce maki nan ana neman malamai?"

Doguwa ta kwashe da dariya har ta saki gefen zanen da suke ninkewa. "Allah ya isa tsakanina da shi! To zauna, Hajiya likita, wa'adi ya same ki kina rungume da leda."

Sista ta yi ta juya maganar har saura kwana shida. Ranar Asabar da hantsi ta share teburin cin abinci, wanda shi ne na guga, shi ne kuma na karatun yara, ta shimfiɗa tawul. Mijin yana tsaye a bakin ƙofar kicin da kofin shayi.

"Maman yara, da kin bari mun ƙara tambaya."

"Tambayar wa, Malam? Wata uku muna tambaya. Riƙe min nan."

Ta rage zafin dutsen guga, ta ɗora mayafi a kan satifiket ɗin, ta danna a hankali. Ta sa reza a kusurwa. Ledar ta ɗaga. Sunan makaranta ya fito tsaf, har mijin ya fara "Alhamdu…". Ta ƙara ja kaɗan. Sai suka ji wata 'yar ƙara, ciii, kamar an yage auduga. Sunanta ya biyo ledar. Rabin hatimin ma ya biyo. A tsakiyar takardar ba abin da ya rage sai farin gashi-gashi.

Ba ta yi kuka ba. Ta zare wayar dutsen, ta ce masa shayinsa yana zuba a ƙasa.

Ranar Litinin ta kai musu duka biyun, takardar da ledar, cikin ambulan ɗaya. Mai gilashin ta ɗora wannan a kan waccan, rubutun ya haɗu, ga suna nan ɓaro-ɓaro, kowa yana iya karantawa. Ta ce ta yi baƙin ciki ƙwarai, amma yanzu ta zama lalatacciyar takarda. Suna da ladabi, wannan kam ba a ƙwace musu. Da murmushi ta rufe fayil ɗin, da murmushi ta miƙo fom ɗin shiga makaranta.

Mako biyu fom ɗin yana cikin jakarta. Doguwa ta ce mata ta yar da shi, girma ya kama su, wanki ma aiki ne. Sista ta ce ta ji. Ranar da za a rufe karɓa ta cike shi a tsaye, a kan murfin injin wanki.

Yanzu da safe tana wanki, da rana ta hau bas biyu zuwa aji. Tana zama a layin baya, cikin 'yan mata sa'o'in 'yarta, ta miƙe ƙafar da ke ciwo a ƙarƙashin benci. Makon jiya aka kawo 'yar tsana ta roba, ana koya musu yadda ake tarbar kan jariri. Da layi ya zo kanta, malamar, wadda ba ta kai shekara talatin ba, ta gyara mata yatsu, ta ce haka ya fi. Sista ta ce to, ta gode. Ta koma ta zauna, ta danne hamma, ta duba agogo ko za ta samu bas ɗin ƙarfe biyar.