Kwalabe Biyu na Illo Direba

Illo mutumin Tsarnawa ne, direban kamyo, babbar motar kaya. Tun yana saurayi yake ɗaukar siminti daga Malbaza, yau Tawa, gobe Dosso, har furfura ta same shi a kan sitiyari. Mutum ne marar yawan magana, ba ya son a jira shi, ba ya son jiran kowa.

Ciwon bai zo masa da zafi ba. Ya dai lura masu kabu-kabu a kan baburansu sun fara ɓullo masa daga gefe kamar daga ƙasa suka tsiro. Ran da ya kusa take wani a bakin kasuwar Ƙonni, matarsa Kubura ta tsaya masa sai da ya je asibitin ido.

Likitar, wata mata mai suna Wasila, ta ce ruwan cikin idonsa ne ya yi yawa, yana danne jijiyar gani. Ta ba shi kwalabe biyu.

"Malam Illo, wagga ta safe ce, lokacin da ido ke yawan tara ruwa. Wagga kuma ta bayan magariba. Ido bai shan magani daidai a kowane lokaci. Kada ka haɗa su, kada ka sauya musu wuri."

"To, likita," in ji shi.

Ya yi niyyar bi. Amma ta safen tana sa masa yaji da hazo na ɗan lokaci, shi kuwa da sassafe ake lodi, ana kallon wanda ya makara. Sai ya mai da ita yamma. In ya tsaya sallar magariba a hanya, ya ɗiga wannan, ya bi da waccan nan take, ta biyun ta wanke ta farin, hawaye ya kwashe saura. Wuni kuma kwalaben na gaban mota suna shan rana.

Kubura ta yi magana.

"Baban Zulaiha, ba haka aka ce ba."

"Duk cikin ido guda suke shiga. Kuma ni ban jin ciwon komi."

Damina biyu suka wuce a haka. Da ya koma, Wasila ta daɗe tana haska idon. Ta rufe masa na dama, ta ɗaga hannu a gabansa. Bai ga hannun ba.

"In na gyara lokacin, zai dawo?"

"Abin da ya tafi ba ya dawowa, Malam. Sai dai mu riƙe wanda ya rage, in ya riƙu."

A makon nan ya miƙa makullin mota. Bai shiga ya yi sallama da abokan aiki ba, ya hau motar haya ya koma Tsarnawa.

Yanzu ba ya kuskuren lokaci. Kubura ce ke buɗe masa fatar ido, safe da yamma, ya runtse ya danne gefen hanci yadda aka koya masa. Duk da haka na daman ma yana ta ƙuntata, kamar mai leƙe ta cikin bututu. Bana ya gwada shiga gona, ya sare gero a madadin ciyawa, ya ajiye hauya.

Jiya yana zaune a ƙofar gida ya kira ta.

"Kawo ta yamma, rana ta faɗi."

Kubura ta dubi sama.

"Da saura, Baban Zulaiha. Yanzu aka yi la'asar."