Gayya a Filin Golf

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, wasu ko an tuna mini sai in yi ta lalube, amma abin da ya faru tsakanin mahaifina da wani Baturen kuza a kan wani fili a ƙauyenmu zai bi ni har kabari. Na daɗe ina ba da labarin don a yi dariya. Sai da na je ƙasar Japan, da furfura a kaina, na ba da shi yadda ya kamata.

Harkar kekunan ɗinki ce ta kai ni can. Da muka gama abin da ya haɗa mu, mai masaukina, wani dattijo ɗan kasuwa, ya ce ba zan koma gida ba sai na ga inda suke hutawa. Muka shiga jirgin ƙasa, muka sauka a wani yanki da ƙasa ta miƙa doguwa cikin teku. Na ga teku a Ikko, na gan shi a Jidda da Dakar, amma ban taɓa ganin inda duwatsu ke gangarowa har cikin ruwa haka ba. Lambunan lemo a jikin tudu, jiragen masunta can ƙasa kamar ƙwarya a rafi, ga masauki da aka gina a kan wani marmaro mai ɓuɓɓugo da ruwan zafi. A saman gaɓar aka shimfiɗa filin golf, wasan nan da ake buga 'yar farar ƙwallo da sanda mai kan ƙarfe har ta faɗa rami. Ciyawar kore shar, an aske ta kamar darduma. Mata masu manyan malafuna ne ke jan jakunkunan sanduna. Mutane su taso daga birane masu nisa, su buga rabin wasa, su zauna su ci shinkafa da kifi, su ƙarasa, sannan su shiga ruwan zafin nan su jiƙa gajiya.

Muna tafe a filin, mai masaukina ya tambaye ni da Turanci, "A ƙasarku ana wannan wasa?"

Na ce, "Ana yi. Mu har dawa mun taɓa shukawa a filinsa."

Ya tsaya ya dube ni. Muka sami wani benci da ke fuskantar teku, na ba shi labari.

Shekaru kaɗan kafin a ba mu mulkin kai, ina saurayi, na gama makarantar midil na koma ƙauyenmu da ke gindin duwatsun Doguwa. Wani kamfanin haƙar kuza ya ɗauke ni tafinta, aka haɗa ni da Baturen da ke auna musu ƙasa. Mutum ne mai shiru, fuskarsa ja kamar gauta, ba ya jin Hausa sai "sannu" da "madalla". Ni kuwa a lokacin ji nake ba ni da na biyu a ƙasar: ga wandon kaki, ga alƙalami a aljihu. Baffana, ƙanen mahaifina, ba ya kirana sai "Malam Bakin Bature".

Wannan Baffan ne maciji ya sara a gona wata rana da hantsi. Baturen ya ji, bai tsaya tambaya ba, ya sa aka kwantar da shi a bayan motarsa, ya tuƙa ta Burumburum har asibiti a Kano. Baffa ya dawo da ƙafafunsa biyu. Mahaifina ya kai wa Baturen rago, ya ƙi karɓa, wai abin da ya yi bai kai a biya shi ba. Mu kuwa a wurinmu ba biya ba ne, godiya ce, kuma godiyar da aka mayar wa mai ita nauyi take zama. Mahaifina ya jawo ragonsa ya dawo, amma na san abin yana ransa.

Da bazara ta kama, Baturen ya roƙi dagaci wani fili da ke maƙwabtaka da gonarmu. Ya sa leburorin kamfani suka tuge kututtura, suka kwashe duwatsu, suka daidaita ƙasa. A wurare uku ya sa aka zagaye faƙo, aka zuba yashi da aka cuɗa da baƙin man mota, aka danne shi sumul, aka binne gwangwani a tsakiya. Haka Turawan ƙasarmu ke yi tun da ciyawar bakin rami ba ta jure rani. Sauran filin kuma ruwan sama yake jira ya fito masa da ciyawa. Ni kaɗai na san me ake shiryawa.

Wata rana bayan la'asar mahaifina ya tsaya a kan iyaka yana kallon filin.

"Wannan ubangidan naka ya san ƙasa," in ji shi. "Me zai shuka a nan?"

Yau, da na tsufa, na san amsar gajera ce. Amma a ranar kunya ce ta kama ni. Yaya zan dubi mutumin da bai taɓa wuni ba fartanya a hannunsa ba, in ce masa wanda nake taƙama da shi ya share wannan ƙasa mai kyau don ya riƙa bin ƙwallo kamar ɗan yaye? Kuma na san in Baffa ya ji, na shiga uku da tsokana. Sai na ce, "Bai faɗa mini ba tukuna, Baba."

"To," in ji shi. "Dawa za ta yi a nan."

Na yi shiru. Shirun nan shi ne laifina.

Bayan kwana biyu muka tafi Jos, ni da Baturen, aikin kamfani, muka yi sati uku. Muna can ruwa ya sauka. A hanyar dawowa yana ta fito da baki, ga doguwar jakar sandunansa da ya karɓo a bayan mota, yana cewa yanzu ciyawa ta fito, gobe zai gwada filinsa.

Muka karyo kwanar ƙauye wajen la'asar sakaliya. Ya taka birki da ƙarfi har na bugi gilashi.

Daga iyakar gonarmu har gindin dutse kunyoyi ne a jere, miƙaƙƙu kamar an ja su da zare, dawa ta fito ta yi ganye uku. Wuraren nan uku kuwa an kankare baƙin yashin, an yi musu daɓe ja mai sheƙi.

Daga baya na ji yadda aka yi. Da ruwa ya sauka, mahaifina ya ga maƙwabcinsa ba ya nan kuma shuka za ta wuce shi, sai ya ga ƙofar da yake nema ta buɗe. Ya kira gayya. Ragon da aka mayar masa shi ya yanka, aka yi tuwo da fura, aka kira makaɗa, majiya ƙarfin ƙauyuka uku suka zo da garemani. Irin da aka shuka daga rumbunsa ya fito. Mahaifina ba mai sarauta ba ne, ba kuma mai dukiya ba. Abin da yake da shi ɗaya ne: in ya kira, ana zuwa, domin bai taɓa tara mutane a kan shirme ba.

Ƙarar mota ta fito da jama'a. Mahaifina na gaba cikin rigarsa ta Juma'a, Baffa na biye yana ɗingishi, dagaci da sauran dattawa a baya. Baturen ya sauko, ya tsaya a bakin kunyar farko, wuyansa ya ƙara ja.

"Wane ne ya yi wannan?" in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Gaya musu gobe da safe ina son a baje shi duka. Kuma ina son sanin wanda ya ba su izini."

Mahaifina ya yi murmushi ya ce, "Me ya ce?"

Kowa ya zuba mini ido. Na san abin da ya fi sauƙi: in ce ya gode, kowa ya watse. Amma gobe leburori za su zo da shebur su baje kunyoyin a gaban ƙauyuka uku, kuma daga ranar sunan mahaifina ya zama wanda ya tara jama'a suka nome filin wasa. Ba zai sake kiran gayya a zo ba dariya a ciki ba.

Na ce, "Baba, a ba ni izini in yi masa bayani tukuna."

Na juya wurin Baturen. Na ce masa ni ne na yi wannan, ba su ba. An tambaye ni me za a yi da filin, na sani, na ɓoye. Na gaya masa mece ce gayya, da cewa ba a yi wa baƙo, sai wanda aka ɗauka maƙwabci. Na nuna masa Baffa, na ce wannan ƙafar da yake takawa da ita ce ake gode masa. Na ce ragon da ya ƙi karɓa shi mutane suka ci ran da suka yi wannan huɗa. In kora ce, ni ya kamata a kora.

Baturen ya taka a hankali, yana tsallake kunyoyi don kada ya taka shuka, har ya kai wurin daɓen farko. Ya tsuguna ya shafa shi da tafin hannu.

"Wannan fa?"

Na tambayi Baffa. Ya ce, "Wurin bugun hatsinsa mana. Gaya masa duk wanda ya ba shi shawarar zuba baƙin mai a inda za a bugi abinci ba masoyinsa ba ne. Mata sun wuni biyu suna kankarewa. Har wani gwangwani suka tono a ciki."

Na fassara kalma da kalma. Kafaɗun Baturen suka fara motsi. Na ɗauka kuka yake, ashe dariya ce yake ƙoƙarin dannewa.

Saura mai wuyar. Na dawo gaban mahaifina na durƙusa, na ce, "Baba, filin ba gona ba ne. Wurin wasa ne. Ƙwallo zai riƙa bugawa da sanda."

"Wasa?" in ji Baffa. "Da wannan sanƙon nasa?"

Wasu suka yi dariya. Mahaifina bai yi ba. Ya dube ni ya ce, "Ran da na tambaye ka, ka sani?"

"Na sani, Baba."

Ya ɗan jima yana kallon dawar. Sannan ya gyara rigarsa ya ce, "Gaya masa mun yi masa ɓarna ba da sani ba. Gobe ni da 'ya'yana za mu baje. Kada ya sa leburori."

Na faɗa. Baturen ya girgiza kai. Ya tambaye ni yaushe dawa ke nuna, na ce sai kaka. Ya cire hularsa, ya matso gaban mahaifina, ya ce in faɗa da ƙarfi kowa ya ji: ba wanda zai taɓa ko kunya ɗaya. Ba a taɓa yi masa kyauta irin wannan ba, kuma ya karɓa. Wasa zai jira. Sannan ya haɗa duk Hausar da yake da ita ya ce, "Madalla. Sannu."

Mahaifina ya ce, "To, ai da sauƙi. In an yi girbi, gona ta shanun Fulani ce, su shigo su ci kara. Shi ma sai ya shigo tare da su."

Haka kuwa aka yi. Da kaka aka ɗaure masa dammunan dawa, aka buge ta a kan daɓen nan nasa, ya raba wa leburori da waɗanda suka yi gayya. Da rani ya riƙa fitowa da yamma yana bin ƙwallonsa tsakanin shanu, tana tsalle a kan tsofaffin kunyoyi tana bin inda ta ga dama, Baffa na zaune a inuwa yana ba shi shawara da Hausa.

Ba a kore ni ba. Amma mahaifina ya yi kwana bakwai in na gaishe shi sai ya amsa a taƙaice. A rana ta takwas muna dawowa daga masallaci ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Na kai ka makaranta don ka zama kunnena. In ka ji abu ka riƙe don kana jin kunyarsa, to ka mayar da ni kurma, kuma kurman da bai san shi kurma ba ne."

Da na kai nan, mai masaukina ya kai dubansa ga jiragen masunta. Can ya nuna wani gangare kusa da rami na ƙarshe ya ce a nan lambun lemon mahaifinsa yake kafin a yi filin, kuma shi ne ya karanta wa tsohon takardar sayar da lambun, ya tsallake wasu layuka don kada ransa ya ɓaci. Muka tashi muka ƙarasa zagayenmu.

Na yi tafinta a harsuna huɗu bayan wannan rana, a kasuwanni da ofisoshi da tashoshin jiragen ruwa. Abin da filin nan ya koya mini shi ne, wanda ya tsaya tsakanin mutum biyu da ba sa jin juna, abin da ya ɓoye ya fi abin da ya faɗa ba daidai ba haɗari. Tun daga ranar, in aka tambaye ni me za a shuka, ko amsar za ta sa a yi mini dariya, faɗa nake yi kafin ruwa ya sauka.