Liƙi a Goshin Tsohuwa

Aikin kula da tsofaffi ne ya kai ni gidan wata tsohuwa 'yar Japan. Kullum da safe nakan taso daga unguwarmu Soundview, a nan ƙasar waje da nake zaune, a jirgin ƙasa, in same ta a kujera tana fuskantar bango. Turancinta ya gudu tun da ciwo ya kama ta, nawa kuwa dama bai taɓa zama da gindinsa ba. Ranar da na fara, 'yarta ta gaya mini cewa uwar ta daina cin abinci, idan ba ta koma ci ba gidan tsofaffi za a kai ta. Na ji tausayin matar ƙwarai, na kuma cika baki na ce a bar ni da ita, ai ni na yi jinyar kakata.

A bangon akwai wani hoto. 'Yar ta ce a katako aka sassaƙa shi, aka shafa launi, aka danna a takarda kamar hatimi. Mata ne a jere suna rawar bikin garinsu, kowaccensu malafa ta rufe mata fuska, hannuwa sama, ƙafa ɗaya a ɗage. Ni dai abin da na gani shi ne hoton mutane daidai alƙibla. In azahar ta yi sai in lulluɓe shi da mayafi in yi salla, kuma yawanci a nan nake barinsa har in tashi aiki.

Na dama kunu, na yi farfesu, duk ta kawar da kai. Ina ta zargin cikinta, ni gwanar jinya, alhali na rufe mata abu ɗaya tilo da take kallo.

Wata rana mayafin ya zame ya faɗi. Tsohuwa ta ɗaga hannuwa a hankali, kamar matan hoton, ta yi mini alama da haɓa in tashi. Ni Hajiya guda, mai yi wa 'yan mata faɗan rawa a gidan biki, sai ga ni tsaye. Kwaikwayon hoton na yi niyya, amma jikina bai san Japan ba. Kafaɗa ta kama, ƙugu ya bi. Ta yi dariya har da tari, ta ci gaba da juya tafukan hannunta. Abin ya burge ni har na manta inda nake. Na rangaɗa guɗa, na zaro dala daga jaka na liƙa mata a goshi.

Daidai nan 'yar ta buɗe ƙofa. Kunya ta rufe ni. Na shiga kame-kame da guntun Turancina cewa a wurinmu haka ake karrama wanda ya iya rawa, ina hango kaina a jirgi ba aiki. Ita ko saurarata ba ta yi, hannuwan uwarta take kallo.

"Rabon da ta ɗaga hannu haka tun rasuwar babana," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa.

Tsohuwa ta cire dalar, ta yafito ni. Na durƙusa, ta manna mini ita a goshi, sannan ta nuna kwanon kunu. Na ɗauki cokali na shiga ba ta. Ban yarda na taɓa goshina ba sai da ta shanye.