Turancin Hanci a Ƙofar Makaranta

Ko zan manta da komai na zamanmu a Doha, ban da ranar da na je nema wa 'yata gurbin karatu.

Lokacin ba mu daɗe da tarewa a unguwar Mu'aither ba. Ina aikin likita, yarinyar tana shekara bakwai, ta yi wata biyu a gida ba makaranta, kullum sai ta tambaye ni yaushe za ta fara. Kusa da mu akwai wata katafariyar makaranta, har da wurin iyo, ɗalibanta yawanci 'ya'yan Turawa ne da na Larabawa. Na zura abaya da silifas na tafi.

Matar da ke karɓar baƙi ta ƙare mini kallo, ta tambaya ko uwargijiyata ce ta aiko ni. Na ce a'a, 'yar tawa ce. Nan take ta ce aji ya cika, khalas, wato shi ke nan, amma akwai wata makaranta a unguwar Al Asmakh da za ta fi dacewa da mu. Na san wurin. Tsohon gida ne aka yayyanka ɗakuna, 'ya'yan direbobi da masu gadi a cunkushe, ko filin wasa babu.

Na koma mota raina a ɓace. Can sai shaƙiyancina na ƙuruciya ya motsa. Na kira lambar ofishin, na matse hanci da yatsu biyu, na zuba mata irin Turancin wata Baturiya abokiyar aikina. Na ce likita ce sabuwar zuwa, ina neman gurbi a aji biyu. Muryar matar ta yi laushi kamar ba ita ba. Wai akwai wuri, yaushe zan samu zuwa?

Na ce ta ɗan riƙe layin. Na fito, na taka a hankali har gaban teburinta, waya a kunne, hanci a matse.

"Ga ni na iso, ranki ya daɗe."

Ta dubi wayarta, ta dube ni. Ba ta sake ɗago kai ba har ta gama cike takardun.

Yau in na tuna dariya nake yi. Abin da na koya shi ne, in aka ce miki babu, bincika ki ji ko kowa aka ce wa haka, ko ke kaɗai ce.